Yunusu na Jummai

A Bambeye, in kana son ka ga Azumi ta tuna da tukunya a kan wuta, ka tambaye ta ƴaƴanta nawa. Za ta fara daga Haula, ta gangaro kan ƙannenta, har waɗanda suka koma tun suna goye ba ta mantawa. Amma na farin ba za ka ji shi a bakinta ba. Yunusu ne sunansa. Ya girma ya yi gemu, ya yi aure ya haifa, kuma tun ranar da liman ya raɗa masa sunan nan uwar da ta haife shi ba ta taɓa furta shi ba. Ko Annabin da ya ci sunansa, in hira ta biyo ta kansa, sai ta ce "Annabin nan na cikin kifi," ta wuce abinta.

Kunyar ɗan fari ba Azumi ta ƙirƙiro ta ba, kowace mace ta zamaninta ta yi. Sai dai wasu sukan sassauta in furfura ta fito, ita kuwa ta riƙe abin kamar shi za a fara tambayarta a kabari. Ana yaye yaron ta miƙa shi ga uwar mijinta, Jummai. A ɗakin Jummai ya tashi, ita yake kira Inna, gari duka kuma ya san shi da Yunusu na Jummai. Ita Azumi in dole ta kama sai ta ce "ɗan tsohuwa," don sunan surukar ma ba ya fita daga bakinta. Shi kuma da ya yi wayo ya rasa abin da zai kira ta, sai ya kama "Innar su Haula," ya zauna a haka. Ba wanda ya ga aibu a ciki. Yabonta ma ake yi, ana nuna wa amare ita ana cewa ga mace mai kunya.

To, wata shekara, Yunusu yana ɗan saurayi, ma'aikata suka zo garin da teburi da manyan littattafai, suna yi wa marasa takardar haihuwa takarda. Da aka zo kansa, mai rubutu ya ɗaga kai ya ce a ba shi sunan uwa. Azumi tana jin haka ta shige bayan rumbu. Mutanen da ke tsaye suka haɗa baki suka ce Jummai. Jummai kuwa tana zaune a gefe tana taunar goro ta gyaɗa kai, don a ganinta gaskiya aka faɗa. Aka rubuta, aka buga hatimi. Da takardar nan Yunusu ya yi katinsa, ya yi fasfo, ya bi sawun samarin Adar zuwa cin rani, daga wannan ƙasa zuwa waccan, har ya dire a Libarbil ta ƙasar Gabon. Ya buɗe shago, ya ɗauko matarsa Rahama, yaransu suka shiga lakwal, wato makarantar boko, a can. Jummai ta rasu, uban Yunusu ya bi ta, takarda kuwa tana nan yadda aka rubuta ta, ba wanda ya sake dubawa.

Sai bana abin ya tashi. Fasfon Yunusu ya mutu, katin zamansa na Gabon kuma yana gab da mutuwa, ba a kuwa sabunta katin sai da fasfo mai rai. Ya aiko wa ƙanwarsa Haula, wadda ke aure a Tawa tana ɗinki a unguwar Wadata, ta haɗa masa takardun da ake nema. A nan ne wani ma'aikaci mai ido ya jera takardar Yunusu da ta ubansa a kan teburi, ya sa yatsa nan, ya sa yatsa can, ya ce wa Haula ta duba. Uwar uba Jummai, uwar ɗa Jummai. Ya ce shi dai bai taɓa ganin mutumin da suka fito ciki ɗaya da ubansa ba, kuma ba a teburinsa za a fara ba. Sai an je gidan shari'a an gyara, uwar gaskiya ta zo da ƙafarta, da shaida, ta faɗa a gaban alƙali.

Haula ta zo Bambeye da kanta, ta iske uwarta tana ɓarar wake a inuwar rumbu. Ta yi mata bayani tiryan-tiryan, har da abin da zai biyo baya in katin ya mutu: ƴan sanda su tare mutum a hanya, a rufe shago, a sa shi a jirgi da rigar da ke jikinsa.

"Magana guda ta, Inna," in ji Haula. "Alƙali shi tambaye ki, ki ce ɗanki na, ki hwaɗi sunanai, mu taho gida."

"Gaban maza?"

"Alƙali na, Inna, ba surukinki ba."

"Ku tahi da Sidi. Shi ya san komi."

"Baba Sidi shaida na. Uwa anka ce, shi kau ba a taɓa ganinai da ciki ba."

Sidi ƙanin mijin Azumi ne, autan Jummai, kuma abokin wasanta tun ranar da aka kawo ta gidan. Ya tsufa, haƙoransa sun ragu, bakinsa bai ragu ba. Yana jin labari ya zo da sandarsa yana dariya tun daga ƙofar gida.

"Ashe ƙanena na!" in ji shi. "Dut shekarun ga yaron ga na ce min Baba, ashe Yaya ya kamata shi ce. Ke kau Azumi sai ki riƙa yi mai ladabi, ƙanin miji na."

Ta dumbuzi kowar wake ta watsa masa. Ba ta ce za ta je ba, amma da yamma aka ga zanenta na fita a kan igiya.

Ranar da aka sa musu, suka shiga motar Tawa su uku, tsakanin buhunan hatsi da wani rago da aka ɗaure a ƙarƙashin kujera. Duk tsawon hanya, mota tana hawa fako tana sauka, Azumi tana maimaita sunan a zuci. A zuci ba wuya, can ta daɗe tana kiran sa. Ta ce wa kanta ai abu ne na buɗe baki a rufe, kamar shan maganin ɗaci.

Ɗakin alƙali ƙarami ne, fanka tana juyi a sama ba ta kawo iskar kirki. Alƙalin yaro ne, bai kai Yunusu shekaru ba, Hausarsa ta mutanen Damagaram ce. Ga magatakarda a gefensa da alƙalami, ga ɗan sanda a bakin ƙofa, ga wasu maza a benci suna jiran nasu. Ya tambayi sunanta ta faɗa. Ya tambayi sunan mijinta ta sunkuyar da kai, Sidi ya yi sauri ya faɗa, alƙali ya yi murmushi ya bar shi ya wuce. Sannan ya dubi takarda ya dube ta.

"Inna, wannan Yunusu da ake magana a kansa, mene ne shi a gare ki?"

Azumi ta ji sunan ya cika ɗakin. Ta ji idanun mazan benci a bayanta, ta ga bakin alƙalamin magatakarda yana jira. Ta buɗe baki da niyya mai kyau, Allah ya sani. Amma baki ya yi abin da ya saba.

"Ɗan tsohuwa na."

"Wace tsohuwa?"

Ta kau da kai. Sidi ya muskuta ya ce, "Jummai taka nuhi, ranka shi daɗe, amma abin da ya sa..."

Alƙali ya ɗaga masa hannu. "Ke nan, Inna, abin da ke cikin tsohuwar takarda daidai ne?"

Azumi ta ja lulluɓi ta rufe rabin fuska, ta kafa wa tabon siminti ido. Haula tana taɓa ta da gwiwar hannu, ita kuwa ko motsi. Alƙali ya jira, ya sake tambaya da lallashi, ya sake jira. Daga ƙarshe ya ajiye takardar ya ce shi ma ɗan Hausawa ne, ya san kunya, amma ba zai rubuta abin da ba a faɗa ba, balle ga shi da kunnensa ya ji an faɗi kishiyarsa. Ya ce su je ta huta, su dawo zama na gaba, mako mai zuwa. In ta faɗa, a gyara. In ba ta faɗa ba, shi ba abin da zai iya.

Sidi ya koma Bambeye a motar yamma, ko wasa bai yi ba. Haula ta tare musu kabu-kabu suka nufi gidanta. Suna shiga ta jefar da jaka a kan keken ɗinki.

"Kin san abin da kinka yi, Inna? Da kin yi shiru ma da sauƙi. Kin tahi gaban alƙali kin ƙara ma ƙarya ƙarhi!"

"Ki rage murya, kina gidan miji."

"Shi kau yana gidan wa? Ƙasar mutane yake, da mata da ɗiya!"

Azumi ta ɗauki buta ta yi bayan ɗaki. Kunya ta ji, da haushin kanta. Amma a ƙarƙashin haushin akwai wani abu da ba za ta iya gaya wa Haula ba, ko kanta ma a kaikaice take gaya wa. In katin ya mutu, ai gida zai dawo. Rabonta da ganinsa tun ta'aziyyar ubansa, shi ma ta bayan zana suka gaisa, ƙeyarsa kawai ta gani da kyau lokacin da zai fita. In ya dawo zai zauna a ƙofar gida ya ci tuwo, ita kuma ta leƙa ta kafar zana ta ga ko ya rame. Har ɗakin da za a share masa ta zaɓa a ranta. Kada a zarge ta da yawa, tsohuwa ce da ta gaji da jin ɗanta a bakin mutane.

Kashegari bayan la'asar Haula tana kan keke, wayarta ta yi ƙara. Azumi tana da wata ɗabi'a da kowa a gidan ya sani yake yi kamar bai sani ba: duk lokacin da saƙon murya ya zo daga Gabon, sai aikin da ke hannunta ya kawo ta kusa da wayar. Ran nan tsintar shinkafa take yi a faifai, sai ta ga hasken bakin ƙofar ɗakin ɗinki ya fi kyau. Haula ta danna, muryar Yunusu ta fito, a gajiye.

"Haula, na ji abin da anka yi. Ku ƙyale ta, don Allah, kak ku matsa mata. Ni dama na san ba ta iyawa. Na bar zuwa shago da rana, Rahama ka zama, ni ina ɗaki awa mai jego, don polis na tare mutane a hanya suna duba kart, katin zama. In ta ƙi gyaruwa sai mu saida kaya, mu hidda yara lakwal, mu taho. Ƙasa tamu ta, ba a koran mu."

Aka ji ƙarar mota can nesa, kamar saƙon ya ƙare. Haula ta kai hannu za ta kashe, sai ya ci gaba.

"Abu guda dai ka damuna. Nan ina ganin mutane, uwa ta riƙe hannun ɗanta ƙato mai gemu cikin kasuwa, tana kiran shi da suna. Ni ban ce a yi min haka ba, ba tadarmu ta ba. Amma wani bi ina tambayar kaina, shin kunya ta, ko ko tun can ba ta ɗauke ni ɗa ba? Kak ki hwaɗa mata wagga magana. Ki gaida Innas su Haula."

Haula ta kife wayar a kan cinya, ta saci kallon uwarta. Azumi tana nan tana tsinta, kanta a ƙasa, sai dai shinkafar take zubarwa tana mai da tsakuwa cikin faifai.

Maganar ta shige ta har ƙashi. Duk shekarun nan ita a zatonta ya sani. Wa yake tsammani yake ajiye ƙwaryar fura mai yawan nono a ƙofar ɗakin Jummai kullum da hantsi? Da ƙyanda ta kama shi, wa ya tsaya a bayan ɗakin yana sauraren numfashinsa har ƙafafu suka kumbura? Da zai tafi cin rani, wa ya ɗinke laya a cikin haɓar rigarsa ya mayar da ita cikin kaya ba wanda ya gani? To ai ga shi nan, ba wanda ya gani. Ita ta ɗauka irin waɗannan abubuwa ɗa yana jin su a jikinsa ko ba a faɗa ba. Ta ji haushinsa, ƙato da shi bai da wayo. Sannan ta ji tausayinsa ya rufe haushin, ta tuna shi zaune a ɗaki da rana tsaka yana tsoron fita, yana kuma cewa a ƙyale ta. Ɗakin da ta zaɓa a share masa ya fita daga ranta a take. Dawowar da za a yi da kora, a cire jikokinta daga karatu, ba ita take roƙo ba.

Kwanakin da suka rage, Azumi ta kama wani aiki da ba wanda ya sa ta. Akwai akuyar Haula a ɗaure a bayan ɗaki, sai ta ce ita za ta riƙa ba ta dusa. Tana ajiye kwano ta duba hagu ta duba dama, ta gyara murya.

"Yu..."

Akuya ta ɗago ta dube ta tana tauna. Azumi ta ji kunyar akuyar ma. Ta sake gwadawa, ya tsaya a maƙogwaro. A rana ta gaba ta samu ya fita da raɗa, ƙasa-ƙasa. Maƙwabciyar Haula da ke shanya ta bayan katanga ta zo ta tambaya ko lafiya, ta ji tsohuwa tana magana da dabba. Haula ta ce lafiya lau, addu'a take yi mata ta haifi biyu.

Ranar zama Sidi ya dawo da sassafe. A hanya ya so ya buɗe baki, Azumi ta riga shi.

"Sidi, in ka yi dariya yau, ko gawata kak ka zo."

"Ni? Ni da na zo raka ƙanena?"

"Na dai hwaɗa maka."

Ɗakin yana nan yadda suka bar shi, fanka, magatakarda, ɗan sanda, wasu mazan daban a benci. Alƙali ya gane ta, ya gaishe ta da girmamawa, ya tambayi gajiya. Kafin ya kai ga tambayarsa ta ce tana da roƙo guda.

"Ranka shi daɗe, a bar ni in juya in dubi bango."

Magatakarda ya dubi alƙali. Alƙali ya ce doka ba ta ce sai an dubi wani ba, ta dai ce a faɗa a ji. Azumi ta miƙe a hankali, ta juya musu baya, ta tsaya dab da bango har tana jin warin farar ƙasa. Ta riƙe bakin lulluɓinta da hannu biyu.

"Inna," in ji alƙali, "wanda ake magana a kansa, wane ne, kuma mene ne shi a gare ki?"

Haula ta rufe ido. Sannan muryar Azumi ta fito, har bakin ƙofa an ji ta.

"Yunusu. Sunanai Yunusu. Ni na haihe shi."

Haula ta saki ajiyar zuciya. Alƙali ya ce madalla, ya isa, ta zauna. Amma Azumi ba ta juyo ba.

"Ban gama ba. Ku kunka ce in hwaɗa." Ta ƙara matsawa jikin bango. "Da damina na haihe shi, ranar da ƙorama ta kawo har anka kasa zuwa kiran ungozoma. Ni ɗai da tsohuwa a ɗaki. Yana da tabo ga ƙwauri na hagu, lauje na, yana ƙarami ya bi ubanai gona. Ba shi cin kuɓewa. In ya yi hushi ba shi magana, sai shi ta shara, irin nau. Tsohuwa ta riƙa shi, Allah shi jiƙan ta, ta riƙa da kyau, ba ni da abin cewa. Amma ciki nau na. A rubuta. Ɗana na, na hwari, kuma ban taɓa kwana ban yi mai addu'a ba."

Ba abin da ake ji sai alƙalamin magatakarda. Wani daga cikin mazan benci ya ce "Allahu akbar" a hankali. Sidi, wanda aka yi wa kashedin dariya, yana ta goge ido da hannun riga, da aka zo kan shaidarsa ma sai da alƙali ya tambaye shi sau biyu.

"An rubuta, Inna," in ji alƙali. "Duk an rubuta."

Suna fita ta zauna a gindin bishiyar bedi a bakin titi. Ta jira ta ji abin da zai same ta. Ba abin da ya same ta. Kabu-kabu suna wucewa, wata mata tana tallan kwabto, wato kwaɗon zogale, rana tana inda take. Ba wanda ya nuna ta da yatsa. Sai ta ji jikinta sakayau, kamar ta sauke tulun da ta ɗauko tun daga rijiya mai nisa, ta kuma ji wata irin yunwa da rabonta da ita tun tana budurwa. Ta sa Haula ta sayo kwabton, ta cinye tas, ta sha ruwa.

"To, na yi asarar ƙane," in ji Sidi, murya ta dawo.

"Ka samu ɗa. Ka gode Allah."

Haula ta zauna kusa da ita tana dariya, ido jajir. "Inna, ƙara hwaɗi in ji. Sau guda."

"Na hwaɗa ma gwamnati. Ke wace ta?"

Sauran aikin na takardu ne, shi kuwa ba ya sauri don wani. Aka fitar da sabuwar takardar haihuwa, aka haɗa da sauran, aka aika Yamai, daga can aka bi hanyar da ake bi. Azumi ta koma Bambeye. Aka gama ɓarar wake, aka cika rumbuna, aka liƙe bakinsu. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta sami dalilin leƙawa waje. Ba ta tambayi kowa komai ba, amma ta ƙara tsawon zamanta a kan buzu bayan kowace salla.

Wata ranar da hantsi sai ga Haula ta sauko daga mota, tun daga nesa fuskarta ta gama faɗar labari. Ko zama ba ta yi ba ta ciro waya.

"Bokal na, Inna, saƙon murya daga Gabon. Zo ki ji. Yau ba sai kin ɗauko shinkahwa ba."

Azumi ta harare ta, amma ta matso. Muryar Yunusu ta fito da ƙarfi, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Haula, kart ta hito! Saura ƙiris tsohuwar kart ta mutu, Allah ya yi. Ga ni cikin shago yanzu haka. Da sahe tsakiyar hanya na bi, na ga polis, ni na hwara gaishe su. Rahama na gaishe ku, yara na lakwal. Bayan salla in Allah ya so ina tahe, tunda yanzu ina iya zuwa in koma." Ya tsaya, ya gyara murya. "Na ga sabuwat takarda. Na ga abin da anka rubuta wurin sunan uwa. Baba Sidi kau ya kira ni ya ba ni labari dut, har da bango, har da kuɓewa. Haula, ki kai ma Inna waya. Inna, na ji. Na gode."

Inna ya ce. Ba Innar su kowa ba.

Azumi ta ce alhamdu lillahi, ta sake cewa, sannan ta gyara lulluɓi ta ce bari ta duba tukunya. Haula ba ta tsokane ta ba. Ta ajiye wayar a kan tabarma, ta ce za ta shiga maƙwabta ta gaisa, ta fita tana jan ƙafa.

Gida ya yi tsit. Azumi ta dubi ƙofa, ta dubi tabarma. Ta ɗauki wayar da hannu biyu ta zagaya bayan rumbu, daidai inda ta ɓuya ranar da ma'aikata suka zo da teburinsu. Ba ta taɓa riƙe waya don kanta ba, amma ta daɗe tana kallon babban yatsan Haula ta gefen faifai, ta san inda ake dannawa a riƙe. Ta danna ta riƙe. Abubuwan faɗa sun yi mata yawa, na shekara da shekaru, duk suka taso lokaci guda suka toshe ƙofa.

"Yunusu," ta ce. "Ka ci abinci?"

Ta saki yatsa. Ta yi sauri ta mai da wayar kan tabarma, ta gyara ta yadda ta iske ta, ta koma gefe ta zauna tana kaɗa zare kamar ba ita ba.

Haula tana shigowa wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta duba, ta dubi uwarta, ta sake duba wayar, sannan ta danna. Aka ji ƙaton mutum yana dariya yana jan hanci, har maganar ba ta fita sosai.

"Na ci, Inna. Wallahi na ci. Na ƙoshi."

"Wa ka magana haka da ƙarhi?" in ji Azumi, ta miƙe ta nufi murhu tana goge fuska da bakin zane. A wannan karon kuwa da gaske akwai tukunya a kan wuta, har ta fara kamawa.